Ɗauki tsohon ƙarfen, ka bar musu mai shokozoba

Ƙanena, tsakanin kekuna biyun da ka ce kuɗinka zai kai, wato tsohon mai giya na gwanjo wanda fentinsa ya koɗe da wancan jan mai shokozoba gaba da baya, ɗauki tsohon. Tunda Zariya kake son riƙa zuwa daga Kano, jan nan ko tayawa kada ka yi.

Irin tsohon nan nake hawa. Na saye shi bayan cire tallafin mai a 2023, lokacin da kuɗin mota ya fara fin ƙarfin aljihuna. Ƙafarsa inci 26 ce, giya 21, haƙora uku a gaba bakwai a baya, ba shi da shokozoba ko ɗaya. Ranar da na shigo da shi gida maiɗakina ta tambaye ni ko tsinto shi na yi. Abin da ya sa na biya shi ne wata 'yar sitika da ta rage a ƙarfen da ke ƙasan sirdi, an rubuta Cr-Mo 4130. Ƙarfe ne mai kyau, ba nauyi sosai, kuma yana ɗan lanƙwasa ya sha gargadar hanya maimakon ya miƙa maka ita a kafaɗa. Idan naka ba sitika, tafi da maganaɗisu. Ya kama, ƙarfe ne. Ya ƙi, alminiyam ne.

Tafiyata ta farko zuwa Zariya cikin Disamba na yi ta. Na fita bayan sallar asuba, iskar hunturu tana tura ni ta baya, na wuce Kura na wuce Chiromawa kamar wasa. A Kura na yi ganganci, na sayi shinkafa kwano biyar na ɗora kan jakata don tsaraba. Dab da Kwanar Ɗangora na faɗa wani rami, sai na ji ƙas. Kunnen da kariya, wato maɗaurin kaya na baya, ke ɗaure a jikinsa ne ya tsage. Na turo keken har gaban wani mai walda da ke haɗa ƙofofi a bakin titi. Ya duba, ya ce a cire ƙafar baya kada wuta ta ci taya, ya ɗiga masa walda sau biyu. Kafin in cinye ƙosan da na saya ya gama. Waldar nan tana nan har yau, baƙa, mummuna, ba ta taɓa motsi ba. Da alminiyam ne, mutumin nan ba shi da injin da zai kama shi, sai dai in nemi mota ta kwashe mu ni da shinkafar.

A dawowa na san amfanin giya. Iskar da ta tura ni jiya ita ce yau ta tare ni a ƙirji, don daga arewa maso gabas take busowa, ni kuma can na nufa. Daga Tashar Yari na sauko ƙaramar giya, ƙafa tana juyawa da sauri ba tare da na danna da ƙarfi ba. Na daɗe a hanya, amma na iso da gwiwoyina lafiya. Shi ya sa ma ban ce ka nemi Phoenix ba, duk da ina ganin girmansa. Shi da Raleigh, wanda har masana'antarsa aka yi a nan Kano, sun kai iyayenmu kasuwannin ƙauye da buhu a baya shekara da shekaru. Sai dai giyarsu ɗaya ce, nauyinsu ya kusa kilo 20, ga burkin sanda da ba ya kamawa sosai idan rim ya jiƙe. Na dako ne, ba na mai son ya yi sama da kilomita 100 a wuni ba.

Wani abin da ba a lura da shi sai an tsaya a daji: taya da tib na ƙafa 26 kusan duk garin da ke da mai gyaran keke za ka samu. Ka duba bawul ɗin kuma. Mai kauri irin na babur kake so, wanda kowane mai faci zai ba shi iska. Akwai wani siriri da ke zuwa a kekunan tsere, shi sai da famfonsa.

Jan kuwa, na taɓa mallakar ɗan'uwansa, kuma da shi na fara. Kyan ɗan maciji ne. Sau ɗaya na je Wudil da shi, kilomita 40 ɗin nan kamar ina tuƙa katifa, kowace taka feda rabin ƙarfina shokozoba ke shanyewa. Ga nauyi, ga ba wurin ɗaura kariya, wata uku mahaɗarsa ta tsakiya ta fara girgiɗi ba kuma a samun kayanta. Abin da zan iya yaba masa kawai, yana da daɗi a lungu mai ramuka, kuma yara suna bin ka da kallo. Na sayar da shi da faɗuwa.

Ba ka tambaya ba, amma bari in faɗa maka halin wasu dillalan. Kada ka yarda da cinikin biri a sama, a turo maka hoto a WhatsApp a ce tura kuɗi. Je ka da rana tsaka. Sabon fenti a tsohon keke abin tuhuma ne, musamman idan a wuya kawai aka fesa. Shafa yatsanka a ƙarƙashin ƙarafa biyun da suka haɗu da wuyan keken. Idan ka ji tudu ko fenti ya yamutse, keken ya taɓa yin karo, an miƙe shi ne. Wannan ko kyauta aka ba ka bar shi. Wanda ya sayar min da nawa jan ya rantse min duk kayansa na kamfanin Shimano ne, ashe sitika ce kawai aka manna a gangar jiki. Na gaske a jikin ƙarfen giyar ake buga sunan, tare da lambar samfuri a bayansa. Suna kuma cusa giris mai kauri don boris da ya mutu ya yi shiru na kwana biyu. Saboda haka kama feda ka girgiza ta gefe da gefe, haka ƙafar gaba da ta baya. Bai kamata ka ji wasa ba. Ɗaga ƙafa ka juya ta, ka zuba ido tsakanin rim da robar burki ka ga ko tana rawa. Ja sarƙa daga gaban babban haƙori. Idan ta ɗago har ka hango haƙorin a ƙarƙashinta, ta gama aiki, kuma galibi ta ci haƙoran baya tare da ita. Wannan ba dalilin fasawa ba ne, dalilin rage kuɗi ne.

Sannan kifa keken ka duba lambar da aka buga a ƙarƙashin mahaɗar feda. Idan an goge ta, tafiyarka kawai. A rubuta maka rasit da lambar a ciki, a gaban shaida. Wanda ya ce shi sauri yake ba ya rasit, kuma farashinsa ya yi arha fiye da kima, kana iya sayen rigima da ofishin 'yan sanda.

Hau shi kafin ka biya, ka bi giyoyin duka ɗaya bayan ɗaya. Tsaya da ƙarfen sama tsakanin ƙafafunka, ya kamata ya rage maka sarari kamar yatsa uku. Sirdi kuma ka ɗaga shi har idan ka ɗora dunduniya a feda tana ƙasa ƙafarka ta miƙe. Yawancin masu kukan ciwon gwiwa sirdinsu ne ya yi ƙasa.

Kuma kada ka juye duk kuɗin a hannun dillali. Riƙe kashi ɗaya cikin huɗu. Da shi za ka sa sabbin tayoyi marasa manyan ƙuraje, don kwalta za ka bi, da wayoyin burki da robobinsu, da kariya, da tib biyu na ajiya, da gam da faci da ƙaramin famfo. Fitilar baya mai ja kada ta wuce ka, direbobin tirela ba sa ganin mai keke da asuba. Idan ka sauka gefen titi hutawa, ɗauki keken a hannu ka tsallake ciyawa, tsidau ya sha sace min taya a daidai nan.

Kafin Zariya fara gwada Bichi ko Wudil sau biyu ko uku, mazauninka ya saba da sirdin. Idan ka tsayar da ranar zuwa ganin keken ka sanar da ni, in zo maka da maganaɗisun.