Sharhi kan Aiptasia-X: yana kashe wadda ido ya gani, ta cikin rami kuwa sai da mataimaki

Duk mai tankin kifin ruwan gishiri da ke sayo duwatsun teku ko guntayen murjani, ko ba daɗe ko ba jima zai ci karo da Aiptasia. 'Yar ƙaramar anemoni ce, wato halittar teku mai laushin jiki da ke manne wa dutse, mai launin ƙasa-ƙasa, da dogayen hannuwa sirara kewaye da bakinta. A maƙale take shigowa, cikin ramin dutse ko ƙarƙashin gindin murjani. Tana harbin murjanin da ke kusa da ita har ya daina buɗewa. Idan ta matsa daga wurinta, guntayen naman ƙafarta da ta bari kowanne sai ya tsiro ya zama sabuwa. Shi ya sa kankare ta da buroshi ko fizge ta da hantsaki ƙara mata yawa kawai yake yi.

Maganin da na yi amfani da shi shi ne Aiptasia-X na kamfanin Red Sea, kwalba mai mililita 60. Yana zuwa da sirinji da bakuna biyu, ɗaya miƙaƙƙe, ɗaya lanƙwasasshe domin shiga lungun dutse. Ruwansa na da kauri kamar kunu, kuma yana kwantawa a gindin kwalba, don haka sai an girgiza shi sosai kafin a zuƙa.

Da farko a kashe duk injinan da ke juya ruwa, a jira ruwan ya tsaya cik, Aiptasia kuma ta buɗe hannuwanta. Sai a kai bakin sirinjin a hankali daidai saman bakinta, ba tare da an taɓa ta ba, a matso maganin kaɗan-kaɗan. Ba ta gudunsa: naɗe hannuwanta take yi a kansa tana haɗiya, ta ɗauka abinci ne. A ci gaba da zubawa har ya rufe bakin da fuskarta duka, sannan a bar injinan a kashe na kimanin minti 15. A nan ne maganin ya burge ni ƙwarai, domin ba sai an soke ta da allura ba, balle a yaga namanta ya watsu a tanki.

Yawancin rashin nasara daga gaggawa yake zuwa. Da zarar bakin sirinjin ya taɓa ta, ko inuwar hannu ta firgita ta, za ta shige raminta, maganin ya zube a kan dutse a banza. Idan aka kunna injin da wuri, ruwa zai kwashe shi ya yayyafa a kan murjani, kuma duk inda ya kwanta a jikin murjani yana iya ƙona shi. Kada a yi wa da yawa a zama ɗaya, musamman a ƙaramin tanki. A raba aikin kwana-kwana. Bakin sirinjin na toshewa idan maganin ya bushe a ciki, a wanke shi da ruwan daɗi nan take. Bayan 'yan kwanaki a sake leƙa wurin da tocila, don babba takan farfaɗo daga gindin da ya rage a rami. Majano, 'yar'uwarta mai gajerun hannuwa masu kumburin kai, ta fi taurin rai, sau da yawa sai an maimaita mata.

Iyakar maganin ita ce hannun mai shi. Waɗanda ke bayan duwatsu, ko cikin bututu da tankin tacewa na ƙasa, sirinji ba ya kai musu, kuma daga can suke sake cika tankin. Jatan landen Lysmata wurdemanni na cin ƙanana, amma a lura da kyau wajen saye, don akan rikita shi da wani jatan lande mai doro, Rhynchocinetes, wanda murjani yake ɓarnatawa. Berghia, wata 'yar katantanwa marar kwanso, ba ta cin komai sai Aiptasia, tana bin ta har cikin rami, sai dai yunwa na kashe ta idan abincin ya ƙare, kuma wannan jatan landen kansa yakan cinye ta. A zaɓi ɗaya daga cikinsu.

Idan 'yan ƙalilan ne Aiptasia ɗin kuma a fili suke, wannan kwalba ta isa, kuma na fi son ta a kan kwaɓin farar ƙasa na Kalkwasser, wanda ya fi arha amma yake ɗaga pH na ruwa, wato ya ƙara masa ƙarfin kanwa, idan ya yi yawa. Tankin da Aiptasia ta riga ta mamaye kuwa, a yi wa manyan sirinji, a bar wa mai cin ta sauran.