Mullvad VPN: gara ya katse maka intanet da ya bari bayananka su yi yoyo

Duk mai neman VPN, wato manhajar da take bi da datarka ta wani ɓoyayyen rami zuwa sabarta don a ɓoye inda kake fitowa, abin da yake fara tambaya shi ne yana da sauri? ƙasashe nawa ne a ciki? Ni kam tambayar da nake ganin ta fi waɗannan muhimmanci ita ce me manhajar take yi a daidai lokacin da konekshon ya yanke, don a wannan ɗan tsakanin ne ainihin IP ɗinka, wato lambar adireshin layinka a intanet, yake fita ba tare da ka sani ba. A kan wannan ma'aunin na auna Mullvad kuma a kansa nake ba shi maki mai yawa, duk da cewa akwai wuraren da zai ba ka haushi, zan zo kansu.

Kamfanin na ƙasar Suwidin ne, ofishinsu yana Gothenburg, tun 2009 suke aiki kuma farashin bai taɓa canzawa ba, yuro 5 a wata ko wata ɗaya ka biya ko shekara. Ba a tambayarka imel, ba suna, ba lambar waya, kana danna buɗe akawun sai a ba ka lamba mai alƙaluma 16, shikenan ita ce sunanka ita ce kalmar sirrinka. Har kuɗi a ambulan suna karɓa ta gidan waya ga wanda baya son katinsa ya shiga maganar. A watan Afrilun 2023 'yan sandan Suwidin sun je ofishin da takardar bincike suna neman bayanan kwastomomi, suka fita hannu rabbana saboda babu abin da aka ajiye, wannan a wajena ya fi duk wani talla da kamfani zai yi wa kansa.

Toh abin da yake rikita sabon mai amfani shi ne, a kwamfuta makunnin katse intanet ɗin Mullvad a kunne yake kullum, babu ma wajen kashe shi. In sabar ta faɗi ko netwok ya ɗauke ya dawo, manhajar tana toshe komai har sai ramin ya sake haɗuwa, sai kaga mutum yana ƙorafi wai VPN ya lalata masa intanet alhali aikinsa yake yi. Kafin na koma kansa na yi amfani da wani na kyauta wanda bazan kama suna ba, shi in ya yanke shiru kawai yake yi, alamar makulli tana nan a sama, shafuka suna ta buɗewa ta layinka na ainihi, sai ka duba IP kaga naka ne tsirara. Tun daga nan na daina yarda da koren rubutun da yake cewa an haɗa. Akwai kuma wani saiti da ya fi wancan tsanani, lokdawun, shi ko da kai da kanka ka cire konekshon ko ka rufe manhajar, intanet bazai yi aiki ba sai ka koma ciki. In ka kunna shi ka riƙe a ranka cewa ka kunna, don mutane da yawa suna zuwa har su sake saita rauta suna zagin kamfanin layinsu, matsalar kuwa maɓalli ɗaya ce a cikin saitin.

Yoyon da ya fi yawa na DNS ne kuma shi ne wanda mutane basu cika ganewa ba. Duk sanda ka rubuta sunan shafi sai na'urarka ta tambayi wata saba lambar IP ɗin wannan sunan, in wannan tambayar ta bi ta wajen ramin ta tafi wajen kamfanin da yake ba ka intanet, to sun ga sunan duk shafin da ka shiga ko da basu ga abin da ka karanta ba. Kamar ka manne wasiƙa a ambulan da kyau amma ka tsaya kana tambayar mai gadi kwatancen gidan da zaka kai ta. Windows tun daga na 8 yana da ɗabi'ar jefa tambayar DNS ta duk hanyoyin netwok da yake da su don ya samu amsa da wuri, wannan ne ya sa VPN da yawa suka daɗe suna yoyo a kansa. Mullvad yana rufe wannan da dokokin fayawol, wato shingen da yake tace abin da zai fita daga na'ura, tambayar ko ta bi ramin ko kar ta fita gaba ɗaya.

Suna da shafin gwaji a gidan yanarsu, kana shiga zai nuna maka ko ta sabarsu kake fitowa, ko DNS yana yoyo, ko WebRTC yana tona ka, ko IP ɗin da aka ba ka yana cikin jerin waɗanda aka toshe. Ranar da na ga jan layi a wajen DNS a kwamfutata na bi abin a hankali, ashe burauza ce take da nata saitin DNS mai ɓoyewa tana tura tambayoyin wajen wani kamfani daban. Tambayar ta cikin ramin take bi, kamfanin layinka bai gan ta ba, amma dai ka ƙara wani na uku da yake ganin sunayen shafukanka ba gaira ba dalili. Na shiga saitin burauzar na kashe shi, na sake loda shafin gwajin, layin ya koma kore nan take. A Android ma akwai irinsa tun daga na 9, DNS na sirri, in ka taɓa rubuta wani adireshi a wajen to ka duba shi kafin ka zargi VPN.

WebRTC kuma fasahar da burauza take kiran bidiyo da murya da ita ce, tun 2015 aka nuna cewa shafi zai iya amfani da ita ya gano IP ɗin mutum. A Firefox kana rubuta about:config ka nemo media.peerconnection.enabled ka kashe, sai dai kiran bidiyo ta burauzar zai daina aiki. Wanda baya son wannan tone-tonen sai ya sauke Mullvad Browser da suka haɗa da mutanen Tor Project, masu burauzar ɓoye sawu ta Tor, a 2023, kyauta ce ko baka da akawun. IPv6, sabon tsarin lambar IP, shi manhajar tana toshe shi in baka kunna shi a cikin ramin ba, babu abin da zaka yi.

Bari in zo kan matsalolin haɗuwa don nan ne ake shan wahala. Mullvad a kan WireGuard ya dogara, wato tsarin da yake haɗa ramin, sun ma sanar da ajiye tsohon tsarin OpenVPN gaba ɗaya a Janairun 2026. WireGuard yana da sauri kuma ƙarami ne, tun Maris 2020 ya shiga cikin Linux 5.6, amma UDP kaɗai yake bi, ɗaya daga cikin hanyoyin aika data a intanet, kuma wasu netwok na ofis da makaranta da otal suna toshe UDP, sai kaga manhaja tana ta juyawa tana cewa tana haɗawa har ka gaji. Ka canza fot, wato lambar ƙofar da data take bi, zuwa 53 a saitin manhajar, in bai yi ba ka kunna saitin da yake naɗe UDP a cikin TCP ko Shadowsocks, saurin zai ɗan ragu amma zai haɗu. Wadda ta fi cin rai ita ce ya nuna maka ya haɗu lafiya lau, saƙon WhatsApp yana tafiya, wani shafi ya buɗe, wani kuma ya tsaya rabi yana ta lodi, hoto ya ƙi sauka, kai ka rasa gane ko netwok ne ko sabar ce ko wayarka ce. Yawanci wannan MTU ne, wato girman ƙunshin data da layin yake iya ɗauka a lokaci guda, VPN yana ƙara nasa lulluɓin a kai sai ƙunshin ya fi ƙarfin hanyar, ƙanana su wuce manya su maƙale. Ka shiga saitin WireGuard ka rubuta 1280 a wajen MTU ka sake haɗawa. A kan data ta waya aka fi ganin wannan, kuma wallahi mutane nawa ne suka goge VPN mai kyau saboda wannan lambar kawai.

Ka duba agogon na'urarka ma, in kwanan wata ya koma baya haɗuwar tana iya ƙi. In firinta ko talabijin da kake tura wa bidiyo ta ɓace da zarar ka kunna VPN, saitin raba netwok na cikin gida ne a kashe, haka yake zuwa, ka kunna shi in wayfay ɗinka ne, ka bar shi a kashe in na jama'a ne. Wayfay ɗin filin jirgi da otal mai shafin shiga kuwa dole ka cire VPN ka cike shafin sannan ka mayar, ba wata dabara.

Abin da ya ƙara min yarda da su shi ne suna faɗin inda ƙarfinsu ya ƙare. A 2022 su ne suka fito suka ce Android yana tura gwajin konekshon ta wajen ramin ko da ka kunna saitin toshe duk abin da bai bi VPN ba, Google kuma ya ce da gangan aka tsara shi haka. A Mayun 2024 da masu binciken Leviathan Security suka fitar da TunnelVision, harin da mugun netwok yake amfani da zaɓi na 121 na DHCP, tsarin da netwok yake raba wa na'urori IP da shi, ya karkatar da data daga ramin, Mullvad sun bayyana cewa fayawol ɗinsu ya kare kwamfuta, Android bai san wannan zaɓin ba ma balle ya shafe shi, amma iOS na iPhone a lokacin yana cikin haɗari, haka suka rubuta ba kwana-kwana. Duk da haka a Android ka shiga saitin waya ka kunna VPN na kullum tare da toshewar, ita ce kariyarka a can.

Inda bai gamsar ba, in don kallon fina-finan wata ƙasa kake neman VPN gaskiya ba nan zaka zo ba, basa ma tallata kansu da hakan, kuma manyan dandalin kallo sun san IP ɗin sabobin VPN suna toshewa. Zaka riƙa haɗuwa da gwajin nuna kai ba mutum-mutumi ba ne fiye da da, wasu bankuna ma basa son ganin ka fito daga wata ƙasa, a nan sai ka ware manhajar bankin ta bi layinka kai tsaye, akwai saitin hakan a Android da Windows. Sun cire tura fot, wato buɗe ƙofar da za a iya riskar na'urarka daga waje, a 2023, abin da ya ɓata wa wasu rai sosai. Na'ura 5 ake yarda a akawun ɗaya, kowacce ana laƙaba mata suna na dabba, in ka goge manhajar ka sake sakawa ba tare da ka fita daga akawun ba tsohon sunan yana nan yana cin guri, sai ka cire shi da hannu in aka ce maka na'urori sun yi yawa.

Kuma ka sani in ka shiga Facebook ko Gmail da akawun ɗinka sun san kai ne ko ta sabar wace ƙasa ka biyo, kukis, wato ƙananan bayanan da shafuka suke ajiyewa a burauzarka don su gane ka, ma suna nan, GPS na waya kuma VPN baya taɓa shi. Lambar nan mai alƙaluma 16 ka rubuta ta a takarda ko ka saka ta a manhajar ajiye kalmomin sirri tun ranar farko, kar ka tura ta a gurup, duk wanda ya same ta zai hau kuɗinka ya cinye maka gurbin na'ura, kuma babu imel ɗin da za a turo maka sabuwa ta ciki.