Ceb ɗin 'yar Senegal a Filato: abincin taro ne, ba na leda ba

A unguwar Filato, nan Yamai, akwai gidan abincin wata 'yar Senegal da ma'aikatan biro ke cikawa da rana. Sana'arta ceb, wato dafa-dukar shinkafa da kifi irin ta birnin San Luwi na Senegal, wadda UNESCO ta sa cikin kayan gadon al'adun duniya a 2021. Girkin ya yi ƙwarai, amma wanda bai san yadda masu shi ke cinsa ba, rabin kuɗinsa kawai zai mora.

A fara da lokaci. A Senegal abincin rana shi ne babba, kuma sai wajen ƙarfe 2 ake zama kansa. Mu tuwon dare muka ɗauka da nauyi, da rana fura ma ta wadatar, Faransawa kuwa da 12 ta gota sun nufi tebur. Matar nan agogon garinsu take bi. Wanda ya zo da 12 zai tarar shinkafa ba ta tsotse ba, wanda ya kai ƙarfe 3 kuma sai kan kifi. A je daga an sallame azahar.

Tukunyarta babu ha'inci. Karyayyar shinkafa take sa wa, ta turara ta bisa romo kafin ta juye ta ciki, shi ya sa take fita warwar. Kifin ana tsaga shi a cusa dakakken faski da tafarnuwa da tonka, sannan a soya. Tumatirin gwangwani yana soyuwa har mai ya taso, don haka ba a jin tsaminsa. Rogo, karoti, shu, gauta da kabewa kowanne ana tsame shi daidai nunarsa. Inda matsala take shi ne kifin: tunda babu na teku, giwan ruwa take sa wa, kuma yana riƙe jikinsa da kyau, amma ranar da ta koma karfasa sai ya farfashe cikin romo, ga ƙaya. A tambaya kafin a zauna. Mai ma ya yi yawa ga wanda likita ya ja wa kunne.

Abin da ya fi dacewa a haɗu mutum huɗu a nemi babban faranti guda. Shinkafa a shimfiɗe, kifi da kayan lambu a tsakiya. Kowa yana cin gabansa, da hannun dama ko cokali, ba a tsallakawa gaban wani. Wannan mun saba da shi a akushin tuwo. Bambancin shi ne a wurinsu akwai mai rabo: uwar gida ko babban cikin taron ke ɓantarar kifi da rogo yana tura wa kowa, ba a bari sai ƙarshe kamar yadda muke yi da nama. A roƙi ƙanzo, wanda su ke ɗauka abin marmari, da miyar tsamiya da ta dakakkiyar yakuwa a gefe. Su ke yanke maiƙon.

Na kaiwa biro kuwa ban ba da shawararsa ba. Ana rufe shi da zafinsa, tururi ya koma ciki, ƙanzo ya saki, tsamiya ta jiƙe shinkafa kafin ɗan kabu-kabu ya iso. In dole ne, a kai kwanon gida mai hawa-hawa, a ce a raba miya da shinkafa.

Akwai buta da sabulu a ƙofa, wurin a share yake, sai dai kujeru sun yi kaɗan. Bayan ci ana dafa shayi zuba uku irin na Buzaye, wanda ke cin kusan awa guda, don haka mai komawa aiki ya tsaya a na farko.