Tara kiredit ɗin jami'a daga nesa: wace hanya ce ta cancanci kuɗinka?

Duk mai niyyar tara kiredit, wato ma'aunin da jami'a ke ƙirga yawan karatun da ɗalibi ya kammala kafin ta ba shi digiri, ta hanyar karatu daga nesa ya kamata ya san abu ɗaya tun kafin ya biya ko sisi: jami'ar da za ta ba shi digiri a ƙarshe ita ce ke da ikon karɓar abin da ya karanta a wani wuri ko ta ƙi shi. Wanda ya sayar maka da kwas ba shi da ta cewa a nan, komai daɗin tallansa. Saboda haka sayen kwas kafin ka san inda za ka kai shi cinikin biri a sama ne.

Ma'aunin kansa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka digirin farko yakan ci kiredit kusan 120, kuma yawancin kwasa-kwasai uku-uku ne. A Ingila shekara ɗaya ta cikakken karatu kiredit 120 ce, digirin shekara uku kuma 360, alhali tsarin ECTS na Turai yana ƙirga 60 a shekara. Lambar da ke kan talla ba ta da ma'ana sai an san da wane mudu aka auna ta.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce yin rajistar kwas kai tsaye a jami'ar da hukumar ilimi ta ƙasarta ta amince da ita. Open University ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1969, tana koyar da kwasa-kwasai masu kiredit 30 ko 60, kuma yawancin darussanta na digirin farko ba sa neman wata takardar shiga. Jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu kuwa tun 1946 take koyarwa daga nesa. A wannan hanya akwai malami mai duba aikinka, akwai jarrabawa, sannan sakamakonka yana fita a takardar jami'a ta hukuma, wadda ita ce abin da ofishin rajistara na wata jami'ar yake so ya gani. Aibinta tsada da ɗaukar lokaci, domin dole ka bi jadawalin zango. Duk da haka, ga wanda bai riga ya tsayar da inda zai kammala ba, ita nake ba shi shawara, tunda araha ba ta ado.

Akwai kuma samun kiredit ta jarrabawa zalla, ba tare da zama a aji ba. Misalin da ya fi shahara shi ne CLEP, wanda ƙungiyar shirya jarrabawa ta College Board ke gudanarwa a tsarin Amurka, mai jarrabawa 34 a fannoni kamar lissafi, tarihi, harsuna da kasuwanci. Ana ba da maki daga 20 zuwa 80, kuma majalisar ilimi ta Amurka, wato ACE, tana ba da shawarar a ba da kiredit daga maki 50. Wannan hanya ta dace ƙwarai da wanda ya riga ya san darasin, misali ma'aikacin da ya shekara yana lissafin kuɗi a ofis, ko wanda ya iya Faransanci tun yana yaro. Sai dai kowace jami'a tana da nata ƙa'idar: wata tana neman maki fiye da 50, wata tana ƙayyade adadin da za ta karɓa, wata ma ba ta karɓa sam, kuma a wajen Amurka tasirinta kaɗan ne.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne dandalin intanet irin su Coursera da edX. Satifiket ɗin kammala kwas a can, ko da yana ɗauke da sunan babbar jami'a, yawanci ba kiredit ba ne. Shaida ce kawai cewa ka bi darasin, kuma tana iya amfani wajen neman aiki. Akwai 'yan kaɗan da suka fita daban, kamar shirin MicroMasters da jami'ar MIT ta Amurka ta faro, wanda ake iya ƙirga shi cikin digiri na biyu idan jami'a ta ɗauke ka, da kuma kwasa-kwasan kamfanoni irin su Sophia da StraighterLine da ACE ta tantance. Amma shawarar ACE shawara ce, ba ta tilasta wa kowa. Jami'o'in Amurka kamar Thomas Edison State da Excelsior an san su da sauƙin karɓar irin wannan kiredit, wasu kuma ko kallo ba sa yi masa.

Kafin ka zaɓa, aika wa jami'ar da kake hari sunan kwas ɗin da manhajarsa, ka nemi amsa a rubuce. Ka tambaya ko za a lissafa shi cikin darussan dole ko cikin na zaɓi, domin kiredit yana iya shiga ba tare da ya rage maka ko zango ɗaya ba. Ka tambayi mafi ƙarancin sakamakon da suke karɓa, wanda a Amurka sau da yawa C ne, da adadin da dole ka yi a wajensu, wanda yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu na digirin. Sannan ka duba sharaɗin jarrabawa, saboda da yawa ana sa ido a kansu ta kyamara, suna buƙatar kwamfuta, katin shaida da intanet ɗin da ba ya yankewa tsawon lokacin rubutawa.