Maɓallin da zai zauna daidai a waya: saitin Elementor ko fulogin na saye?

Ɗan'uwa, ka tambaye ni ko ka sayi fulogin ɗin maɓallai da aka tallata maka (fulogin ƙarin manhaja ce da ake sa wa shafin WordPress) don maɓallan shafinka su zauna daidai a waya. Riƙe kuɗinka, kada ka saye shi. Gyara maɓalli da saitin da Elementor, manhajar tsara shafukan WordPress, ya zo da shi, da sayen tarin maɓallai masu walƙiya irin wanda aka tallata maka, duk na gwada su, kuma ɗaya ce kawai nake komawa kanta har gobe.

Akwai wani mai koyar da darussa ta intanet da na haɗa wa shafi, shafukan ciki sun haura talatin, kowanne da maɓallin "Yi rajista". Daren da za a buɗe shi sai ga kira, wai shuɗin nan bai kwanta masa ba, kore yake so. Da a ce ɗaya bayan ɗaya na yi wa maɓallan ado, da a zaune zan kwana. Allah ya taimake ni tun farko na shiga Site Settings, sashen Buttons, na saita launi da girman rubutu da lanƙwasar kusurwa da tazarar ciki a wuri guda. Launi ɗaya na sauya, na adana, na ce masa ya sake loda shafin. Bai ma ajiye wayar ba duk sun koma kore, har yana tambayata ko dama na san zai canza ra'ayi. Wannan sashen kuwa a cikin Elementor na kyauta yake. Sai dai ka tuna ka je saitin Elementor ka kashe launuka da salon rubutu na asali, in ba haka ba za ka ga wasu maɓallan sun ƙi bin abin da ka saita.

Maganar maɓalli ya zauna daidai a kowane allo, a nan ne mutane suke barin jaki suna dukan taiki. Ba ƙarancin ado ne yake ɓata maɓalli a waya ba. Faɗi ne, da tazarar ciki, da girman rubutu. Kusa da saitin girman rubutu, da na tazarar ciki, da na matsayin maɓallin, za ka ga wata ƙaramar alamar allon kwamfuta. Danna ta, ka zaɓi tablet ko waya, ka ba kowanne adadinsa. A tsarin asali, Elementor yana ɗaukar allon da bai wuce fiksel 1024 ba a matsayin tablet, wanda bai wuce 767 ba kuma waya. Abin da ka saita a kwamfuta yana gangarowa zuwa tablet, na tablet ya gangaro waya, sai in ka sauya shi a can. Saboda haka daga babban allo ake farawa a sauko. In ka fara daga waya, ka koma kwamfuta za ka tarar ba abin da ya motsa, ka ɗauka manhajar ce ta lalace.

Kada ka ƙayyade wa maɓalli faɗi da fiksel. Wayoyi da yawa faɗinsu a burauza fiksel 360 ne, to in ka ce maɓalli ya zama 400, ina ragowar 40 ɗin za su shiga? Shafin ne zai riƙa zamewa gefe duk lokacin da aka taɓa shi. Ka bar rubutun da tazarar ciki su yanke faɗin a kwamfuta, a waya kuma ka sa ya miƙe ya cika layin. Tazarar cikin ma da em nake sa ta, wato ma'aunin da ke bin girman rubutu, ba da fiksel ba, don idan rubutun ya ragu ita ma ta ragu tare da shi. Mu masu rubuta Hausa a kan maɓalli muna da ƙarin matsala: samfuran da ake tallatawa kalma biyu gajeru ta Turanci ake sa musu, kai kuwa za ka rubuta "Danna nan ka sauke takardar rajista". Ko ka taƙaita, ko ka bar rubutun ya karyo layi na biyu, amma kada ka tilasta masa tsayawa a layi ɗaya.

Sai tsayi. Da babban yatsa ake dannawa, ba da tsinken linzami ba. Apple na ba da shawarar kwatankwacin fiksel 44 a tsayi da faɗi, Google kuma 48. Ƙa'idar WCAG 2.2 ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, da ta fito a 2023, ta sa 24 a matsayin mafi ƙaranci, amma ni ba na sauka ƙasa da 44. In maɓalli biyu ne a jere, a waya ka ɗora ɗaya a kan ɗaya da 'yar tazara, kada mutum ya nufi "Aika" ya danna "Soke". Launin rubutu da na bango kuma bambancin haskensu ya kai 4.5 zuwa 1, domin farin rubutu a kan ruwan ɗorawa kyau yake yi a ɗaki, a rana ko alamarsa ba a gani.

In kana son ɗan ƙari, layin CSS biyu sun isa (CSS shi ne kod ɗin da ke tsara kamannin shafi), kuma ba sai da Elementor Pro na kuɗi ba. A WordPress ka bi Appearance, Customize, Additional CSS, ka rubuta .elementor-button { font-size: clamp(1rem, 2.5vw, 1.25rem); }. Rubutun zai riƙa girma da raguwa tare da allon, ba zai gaza fiksel 16 ba, ba zai wuce 20 ba. Adon da ke fitowa idan linzami ya hau kan maɓalli kuwa, ka sa shi a cikin @media (hover: hover). A waya babu linzami, shi ya sa wani lokaci za ka danna maɓalli launinsa ya maƙale har sai ka taɓa wani wuri.

Shi fulogin ɗin, ban ce ba shi da amfani ko kaɗan ba: wanda na saya yana da maɓalli biyu haɗe da "ko" a tsakiya, ya yi kyau. Iyakarta ke nan. Rawa da walƙiyar da suka ja ni duk na linzami ne, mai waya bai taɓa ganin su ba, ga fayilolinsa suna loduwa har a shafin da babu maɓallinsa ko ɗaya. Ranar da na cire shi, duk maɓallin da na gina da shi ya ɓace, na zauna ina sake su da hannu. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Ka kiyayi masu cewa za su ba ka Elementor Pro ko wani fulogin "na har abada" a araha, su turo maka fayil ɗin zip. Yawanci fasasshe ne, ba ya karɓar sabuntawa, kuma wani ana cusa masa kod da ke buɗe wa ɓarawo ƙofa, ka wayi gari shafinka yana tura mutane wurin caca. Wanda kuma ya ce ka ba shi kalmar sirrin shafinka ya kunna maka lasisi, ka sallame shi. Lasisin da bai bayyana a asusunka na kanka ba, ba naka ba ne. Bidiyon talla ma kada ya ruɗe ka, ka nemi adireshin samfurin ka buɗe da wayarka.

Ka tsaya kan saitin Elementor. In ka gama, kada ka dogara da allon gwaji na cikin edita kaɗai, ɗauki waya ta gaske ka danna da yatsa. In gyaran bai bayyana ba, shiga Tools na Elementor ka sa ya sake gina fayilolin CSS, ka share abin da burauza ta adana, sannan ka sake dubawa.