EEG ko fMRI: wanne ya fi wa ɗaliba mai wata uku kacal?

Ƙanwata, ki karɓi gurbin ɗakin EEG ɗin, inda ake liƙa wayoyi a fatar kai a ɗauki zanen lantarkin ƙwaƙwalwa, kada ki tsaya dogon lissafi. Wata uku ne a hannunki kafin a koma makaranta. Cikin biyun da kika kawo, wato zama da masu farfaɗiya a sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa, da nazarin hotunan fMRI (hotunan da ke nuna sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki) na masu ciwon mantuwa da wata ƙungiya za ta riƙa turo miki ta intanet, na farkon ne za ki iya fara shi ki kuma ga ƙarshensa da hannunki.

Satin farko a ɗakin EEG, tef ɗin awo ne abokin aikinki. Ana auna kai daga kwarmin saman karan hanci zuwa ƙullutun ƙashin ƙeya, sannan daga gaban kunne ɗaya zuwa na ɗayan, a raba tsawon zuwa kashi 10 da kashi 20 cikin ɗari. Daga nan sunan tsarin 10-20 ya fito. A ɗiga alama a wurare 19 da za a liƙa elektirod, wato ƙananan faifan ƙarfe masu waya, a ƙara na kwatance da na ƙasa. Kowane wuri sai an ware gashi, an ɗan goge fatar da auduga da man gogewa, an cika elektirod da man liƙi, sannan a danna shi. Allon na'ura zai nuna miki turjiyar fata a kowane wuri. A asibiti ana so ta sauka ƙasa da kilo-om 5, kuma kada wani wuri ya yi wa sauran nisa sosai. Kan farko da za ki haɗa zai ci miki awa guda ko fiye, hannu na rawa. Kafin wata ya ƙare za ki rage shi da rabi.

Ranar da kika gama haɗa kan mutum, aka rage hasken ɗaki, kika ce masa ya rufe ido ya saki jiki, ki zuba ido a kan layukan ƙeya, O1 da O2. Cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ƙananan zane marasa tsari za su koma igiya mai hawa da sauka a jere, sau 8 zuwa 13 a kowace daƙiƙa, gwanin kyau kamar an zana da hannu. Ki ce ya buɗe ido, nan take ta ɓace. Ki sake cewa ya rufe, ta dawo. Igiyar alfa ke nan, wadda Hans Berger ya bayyana a 1929 bayan ya fara ɗaukar EEG na ɗan Adam a garin Jena na Jamus a 1924. Duk ɗalibin da ya ga wannan da idonsa, a kan mutumin da shi ya liƙa wa wayoyin, ba ya sake karanta takardar bincike kamar da.

Matsalolin da za ki tarar kuwa su ne ainihin karatun. Na farko gashi. Man kitso da basilin suna hana elektirod kama fata, don haka tun ranar ba da lokaci ake gaya wa mutum ya wanke kai da sabulu kuma kada ya shafa komai. Kitso manya na iya zama daidai kan wurin da ake buƙata, tsefaffen gashi mai cika kuma yana ɗaga elektirod sama. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a fagen: masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun nuna cewa idan aka yi kitso ta yadda tsagar za ta bi layukan 10-20, ana samun fata a sarari kuma turjiya ta sauka. Ke da kika san kitso, kuma mata za su fi sakin jiki su cire ɗankwali a gabanki, kina da abin da ɗakin ke buƙata tun ranar farko.

Na biyu wutar lantarki. Tamu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan wayar ƙasa ta soket ba ta da kyau, ko an tada janareta, ko cajar waya na kusa da gado, layukan duka za su yi kauri kamar an shafa tawada. Akwai matatar da ke cire wannan, amma kada ki fara da ita. Ki fara cire cajar, ki duba elektirod na ƙasa, ki gwada kwamfutar a kan batir. Ƙiftawar ido tana fitowa a layukan goshi a matsayin babban tudu. Cije haƙori yana cika layukan gefen kai da ƙananan ƙayoyi. Gumi, wanda ba a rasa shi a ɗakin da aka ɗauke wuta, yana sa layi ya riƙa lilo a hankali. Sabon shiga yakan ɗauki waɗannan a matsayin alamar cuta, shi ya sa ake rubuta duk motsin da mutum ya yi da lokacinsa yayin ɗauka.

Sai marar lafiyar kansa. Da yawa suna zuwa da tsoron za a sa musu wuta a kai. Ki yi bayani da Hausa ƙarara cewa na'urar saurare kawai take yi, ba ta tura komai cikin jiki. Ɗauka ta yau da kullum tana ɗaukar minti 20 zuwa 30, a ciki akwai walƙiyar fitila da kuma jan numfashi da ƙarfi na minti uku. Wannan jan numfashin shi ke fito da farfaɗiyar yara mai ɗauke hankali na 'yan daƙiƙoƙi, wadda zanenta ke maimaituwa sau 3 a daƙiƙa. Amma ba a sa mai sikila yin sa, haka wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki kwanan nan ko mai ciwon zuciya mai tsanani, kuma a yankinmu tambayar sikila ba abin mantawa ba ce ko sau ɗaya. Ki rubuta magungunan da yake sha, domin irin su fenobabital da diyazefam suna ƙara igiyoyi masu sauri a zanen. Idan farfaɗiyar ta taso a gabanki, ki kwantar da shi ta gefe, kada a sa cokali ko wani abu a bakinsa, ki duba agogo, ki kira likita. In ta wuce minti 5 an shiga halin gaggawa. Ki kuma sani EEG mai tsabta ba ya nufin babu farfaɗiya. Ɗauka ta farko takan rasa alamar a kusan rabin masu ita ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu farfaɗiya kusan miliyan 50 a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba in sun samu magani daidai. Hannun da ya iya wannan aiki ba zai rasa wurin amfani ba.

Tunda nazarin tunani da hankali ne ya ja ki, ki roƙi shugaban ɗakin ya ba ki ƙaramin aikin P300. Ana kunna sauti iri biyu, ɗaya yana zuwa kashi 80 cikin ɗari, ɗayan kashi 20, a ce mutum ya ƙirga na biyun. Kimanin milisakan 300 bayan sautin da ba ya yawan zuwa, wani tudu yana tashi a tsakiyar kai ta baya, wajen elektirod ɗin Pz. Shi ne P300, kuma jinkirinsa yana faɗin wani abu game da saurin maida hankali. Sauti 250 zai ba ki 50 na waɗanda ake nema, kin ga ko kin zubar da waɗanda ƙiftawa ta ɓata za ki tsira da sama da 30. Ki yanka daga milisakan 200 kafin sauti zuwa 800 bayansa, ki tace ki bar igiyoyin da ke kaɗawa tsakanin sau 0.1 da 30 a daƙiƙa, ki jefar da duk yankin da ya wuce maikurobolt 100. Manhajojin PsychoPy, ta kunna sautin, da MNE-Python, ta nazarin zanen, kyauta ne, kuma kwamfutar tafi-da-gidanka ta talaka tana ɗaukar su. Inda aka fi faɗuwa shi ne alamar lokaci: idan alamar da ke shiga EEG ba ta yi daidai da lokacin da sauti ya fita ba, tudun zai baje ya ɓace, a yi ta zargin mahalarta. Ki gwada wannan kafin ki zaunar da mutum na farko. Kuma kada ki taɓa ɗaukar bayanan kowa don bincike sai kin ga takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin da idonki.

Na fMRI ɗin ba laifi, kuma sunansa yana da daɗin ji a takardar neman karatu. Yana nuna wuri da kyau, zuwa milimita 2 ko 3, amma jini yake bi, kuma alamar tana kai ƙololuwa ne daƙiƙa 4 zuwa 6 bayan ƙwaƙwalwa ta yi aikin. Ba za ki ga na'urar ba balle marar lafiya. Fayiloli za ki sauke masu cin gigabait, manhajar fMRIPrep mai gyara hotunan ta kwashe awanni a kan mutum ɗaya, wuta ta ɗauke a tsakiya ki koma farko. Tsofaffi masu mantuwa suna yawan motsa kai, motsin rabin milimita ma yana ɓata hoto, kuma gane hakan sai da mai duba aikinki a kusa. In kin iya yaren kwamfuta na Python sosai, kina da intanet mai ƙarfi, kuma an ba ki mutum takamaimai da zai zauna da ke duk sati, to a sake magana. In ba haka ba, bayanan OpenNeuro, rumbun hotunan ƙwaƙwalwa na intanet, suna nan kyauta, ba inda za su je, kya koya daga baya.

Ba ki tambaya ba, amma ki duba waccan ƙungiyar da kyau, don 'yan damfara sun cika wannan hanya. Akwai masu tallar horon bincike a WhatsApp da ba su da komai sai satifiket mai tambari. Akwai masu sayar da wasiƙar gayyata ta bogi don neman biza, da masu cewa ki biya a sa sunanki a takardar da ba ki rubuta ba, abin da zai iya bin ki har ƙarshen aikinki. Wasu kuma suna sayar da ɗan kambun kai mai elektirod ɗaya ko biyu da sunan zai gano farfaɗiya. Duk wanda ya ce ki tura kuɗi asusun wani mutum, ki rabu da shi. Ki nemi sunan shugaban binciken a PubMed, shafin neman takardun binciken lafiya, ki ga ko adireshin imel ɗinsa na jami'a ne, ki rubuta masa kai tsaye ta adireshin da ke shafin jami'ar. Masu gaskiya ba sa ɓoye kansu: ƙungiyar Neuromatch tana da kwas na sati uku ta intanet kuma darussanta a buɗe suke ga kowa, ƙungiyoyin IBRO da TReND in Africa suna shirya makarantun horo a nahiyar nan, ga kuma cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, wadda ke aiki a kan ciwon mantuwa, idan zuciyarki na can ne.

Kafin ki sa hannu a na asibitin, ki tambayi shugaban ɗakin abu uku: mutum nawa ake ɗauka a sati, yaushe za a bar ki ki haɗa kai da kanki a gaban ma'aikaci, kuma na'urar tana iya fitar da fayil a tsarin EDF, wanda sauran manhajoji ke iya buɗewa? In ba ta iya ba, bayanan za su maƙale a cikinta, aikin P300 ɗin kuma ba zai yiwu ba, sai ki nemi a canza miki shi da nazarin zanen da aka riga aka ɗauka tun satin farko.