Queen ba tare da Freddie ba: abin da na gani a zauren O2 na Landan

Brian May mai jita yana da shekara 74, Roger Taylor mai ganga yana da 72, lokacin da suka hau dandalin O2 a Landan cikin watan Yunin 2022. Su biyu ne kaɗai suka rage a fagen wasa daga mutum huɗun da duniya ta sani da sunan Queen, shahararriyar ƙungiyar mawaƙa ta Birtaniya. Freddie Mercury, mai jan waƙarsu, ya rasu a watan Nuwamban 1991, John Deacon mai kaɗa jitar bes kuma ya ajiye sana'ar tun 1997, ya koma gida abinsa. Wasan yana cikin rangadin da suka kira Rhapsody, wanda aka shirya kawowa Turai a 2020, annobar korona ta sa aka ɗage shi shekara biyu. Dare goma suka yi a wannan zaure mai ɗaukar mutum kusan dubu 20, ni kuma na samu tikitin ɗaya daga ciki.

Masu cewa wannan ba Queen ba ce suna da hujja, domin muryar Freddie ita ce mutane suka fara so. Amma wanda ya zauna a zauren nan ya ji ƙarar jitar May zai gane cewa rabin abin da kunnensa ya saba da shi daga hannun wannan dattijo yake fitowa. Jitar da ya riƙe ita ce dai wadda shi da mahaifinsa suka ƙera a gida a farkon shekarun 1960, wuyanta daga katakon wani tsohon murhu, kuma har yanzu da tsohon sisin Ingila yake kaɗa ta. Sautinta yana da kauri da zaƙi, yana jan rai kamar mai rera waƙa. A faifai na san shi, amma a zaure sai na ji shi a ƙirji. Shekara biyu kafin nan ya yi fama da ciwon zuciya, ga shi kuma yana kai da kawowa a dogon dandalin da ya ratsa tsakiyar jama'a, yatsunsa ba su yi sanyi ba.

Adam Lambert, Ba'amurken da ya zo na biyu a gasar waƙa ta American Idol ta 2009, shi ne ke jan waƙa. Abin da ya burge ni da shi shi ne bai yi ƙoƙarin zama Freddie ba. Bai ari tafiyarsa ba, bai ari yadda yake riƙe sandar makirufo ba. Ya zo da kayansa masu walƙiya da takalmansa masu tsayi, ya kuma faɗa wa jama'a da bakinsa cewa Freddie ɗaya ne, shi ma masoyinsa ne kamar kowa. Muryarsa tana hawa sama ba tare da ta karye ba. Wani lokaci yakan ƙara wa waƙa ado fiye da yadda ni nake so, musamman waƙoƙi masu sanyi da suka fi daɗi in an bar su yadda suke. Wannan kuwa ra'ayina ne, matar da ke gefena tsaye take tana tafi a daidai wuraren.

Inda wasan ya fi kama ni shi ne lokacin da kowa ya bar dandali, May ya zauna shi kaɗai a kan kujera da jitar da ba ta lantarki ba, ya fara Love of My Life. Jama'a ne suka karɓe waƙar, shi yana kaɗa musu kawai. Kusa da ƙarshe sai hoton Freddie ya bayyana a babban allo yana rera baitin ƙarshe, May ya juya yana kallonsa. Na san an tsara haka, kowane dare ana yi, amma sanin hakan bai hana ni hawaye ba. A wajenmu ma in babban makaɗi ya rasu, 'yan amshinsa da makaɗansa sukan ci gaba da waƙoƙinsa, kuma ba wanda ke ce musu ɓarayi, domin tare aka gina su. Nan ma May da Taylor su suka rubuta da yawa daga cikin waƙoƙin. Radio Ga Ga, wadda dubban hannaye suka tashi sama suna tafi tare a kanta kamar yadda aka yi a wasan da Queen ta yi a filin Wembley na Landan a 1985, Taylor ne ya rubuta ta.

Taylor har yanzu yana dukan ganga da ƙarfi, ko da yake akwai matashi, Tyler Warren, da ke taimaka masa a gefe. Spike Edney, wanda ke tare da su tun 1984, yana kan fiyano. Kiɗan da May ya yi shi kaɗai, an ɗaga shi sama kan wani dutsen sararin samaniya da taurari kewaye da shi, ya ɗan yi mini tsawo, sai dai mutumin da ya yi digirin digirgir kan ilimin taurari a 2007 ya cancanci a bar shi ya ji daɗinsa.

Kuɗin tikiti da nauyi, kuma wanda ya zauna can sama kamar ni, allo zai fi kallo fiye da mutanen. Duk da haka in suka sake fitowa zan je, kuma zan ƙara kuɗi in sauko kusa da dandali. Wanda ba zai samu zuwa ba, ya nemi faifan Live Around the World da suka fitar a 2020, wanda ya hau matsayi na ɗaya a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Birtaniya, ya saurare shi da lasifika mai kyau.